Hoton Yaya Tasalla a Gaban Rana

Wane hoto ne ya fi gaskiya, wanda ya fita tas ko wanda rana ta shiga ta bar masa tabo? Shekara ashirin ina ɗaukar hoto, ba wanda ya koya mini, kuma har yau ban san amsa ba. Daren jiya dai mafarki ya kai ni wani gari inda kogi ke gangarawa zuwa kan tudu, inuwa kuma takan riga mai ita isa gida.

A bakin kogin wani zalɓe ne ke ba da aron kayan hoto. Ya dube ni ta saman tabarau, ya miƙo mini kyamara mai dogon gilashi, irin mai jawo nesa kusa. Tsawonsa ya kai taɓarya, amma bai fi gashin kaza nauyi ba. Na ɗora ido. Ban taɓa ganin aiki irin wannan ba. A kan wani dutse mai nisan tafiyar kwana uku na hangi tururuwa tana ɗingishi, har na gane ƙafar da ke mata ciwo. Tsakiyar hoton da gefensa kaifinsu ɗaya. Na ce wa zalɓen duk wanda ya wasa gilashin nan ya cancanci addu'a. Ya ce matarsa ce, da raɓa ta wasa shi.

Sai ga ni a cikin gilashin. Dogon soro ne mai baƙin bango, da ƙofofin gilashi goma sha ɗaya a jere. Haske na shigowa a layi, yana cire takalmi a kowace ƙofa. Amma akwai wasu 'yan haske da suka ɓata hanya, suna ta kai da komo tsakanin ƙofa ta huɗu da ta biyar, har suka gaji suka zauna, suka zama ƙawanyoyi kore da ja. Na gane su. Su ne tabon da ke fitowa idan an fuskanci rana da kyamara, su ke sa baƙi ya koɗe. Duk rayuwata korarsu nake yi. Ɗaya ya gaishe ni da sunana, ban amsa ba.

Sai ga ni a bakin kogi kuma. A ƙetare Yaya Tasalla ce tsaye, yayata da ta raine ni, rana daidai bayan kanta. Ba ni da hotonta ko ɗaya. Sau uku ta zo shagona da yamma cikin sabuwar atamfa, sau uku na ce hasken bai yi ba, ta dawo da safe. Da safe kuwa tana wajen tuyar waina. Ta rasu ba mu dace ba.

"Auta, yau hasken ya yi maka?"

Na roƙe ta ta matsa gefe kaɗan, rana ta koma bayana. Ta ce a nan kowa yana tsaye inda aka tsayar da shi. Zalɓen ya ƙara da cewa hoto ɗaya ake ba baƙo.

Na sa wa gilashin baƙar hularsa ta tare rana, na ƙara kārewa da tafin hannu. Komai ya fito fes, kogi, ciyawa, kowace ƙwayar yashi. Yaya ce kawai ba ta ciki. Na zame hular, ƙawanyoyin suka dawo, kore ɗaya a kan kafaɗarta, farin haske ya cinye rabin fuskarta. Ga ta nan tana gyara ɗankwali.

Na mayar da hular. Na ce ba zan ɗauka ba, matar da ta goya ni ta fi ƙarfin lalataccen hoto. Na ce ta jira rana ta sauka.

"Rana ba ta sauka a nan, sama take faɗuwa," in ji zalɓen.

"Kai dai ba ka canja ba," Yaya ta ce. "Mai na kan wuta, Auta."

Ta sunkuya ta ɗauki takalmanta a hannu, za ta juya.

Na cire hular na miƙa wa zalɓen. Hasken nan da na ƙi amsa wa gaisuwa ya zo ya zauna mata a kumatu. Na danna.

Ƙarar da na ji ba ta kyamara ba ce. Maƙwabcina ne a ƙofar gida, yana ta bugun babur ɗinsa da ya ƙi tashi.