Gurbi Talatin

Allon da ke kiran marasa lafiya a ƙaramin asibitin bayan tashar jiragen ruwa, a shagonmu aka haɗa shi. Ni na liƙa wayoyinsa da dalma, ni kuma na hau tsani na kafa shi sama da tagogin karɓar kati. Aikinsa ɗaya ne. In layi ya zo kan mutum, ya yi ƙara, ya nuna sunansa da jan haske tare da lambar ɗakin likita. Wata huɗu yana aiki lafiya lau. A na biyar ya fara sandarewa, sai an kashe an kunna, kuma duk sunan da ya sandare a kai daga tagar Yayata aka turo shi.

Ran Talata da rana ta zo shago da takarda a hannu. Ba ta zauna ba.

"Auta, karanta."

Na karanta a hankali. Matiron ce ta rubuta, wato shugabar ma'aikatan asibitin. Ta ce Yaya tana wasa da na'urar aiki, tana jawo hargitsi a layi, kuma in allon ya sake tsayawa a hannunta kafin Juma'a, ta ajiye katin aiki. Shekara uku ke nan Yaya tana wannan tagar.

Oga, mai shagon, ya leƙo daga bayan wani talabijin da ya buɗe wa ciki.

"Hajiya, ki yi haƙuri, amma allona lafiyarsa ƙalau. Sau ɗari na gwada shi kafin ya fita. Me ya sa ba ya mutuwa a hannun Dogo?"

Dogo shi ne na ɗaya tagar. Yaya ta dubi Oga, ta dube ni, ta naɗe takardarta ta fita.

Umarnin da ke cikin allon wani injiniya ne ya rubuta shi da yaren C, sannan ya sami aiki a wani gari ya tafi. Oga ba ya karanta kod, ƙanshin waya da ta ƙone ne ya sani. Ni kuwa makaranta na bar ta tun a aji uku, amma injiniyan ya manta wani littafi a shago, kuma na shekara ina bin sa layi-layi in babu aiki. Ba ni da sauri. Shi ya sa Oga ke ce mini Malam Sanyi.

Washegari da safe na nemi izni na tafi asibitin, na zauna a benci cikin marasa lafiya. Yawancinsu ma'aikatan jirgi ne da masu sauke kaya, daga ƙasashe iri-iri. Na lura Dogo sunan farko kawai yake bugawa, da baƙaƙen boko, yadda kunnensa ya ji. Yaya kuwa cikakken suna take ɗaukowa daga katin mutum, da rubutun ƙasarsu, waɗansu baƙaƙen kamar kujeru, waɗansu kamar ƙugiya.

Da layi ya ragu na matsa jikin taga.

"Yaya, tun yaushe kika fara sa suna da rubutunsu?"

"Watan jiya."

"To me zai hana ki yi kamar Dogo, ki huta?"

Ta harare ni. "Akwai wani dattijo da ya wuni a wancan bencin da ƙafa a kumbure. Sau uku sunansa na fitowa, bai san shi ake kira ba, don bai iya boko ba. Na yi ta kwaɗa kira da baki, ashe ban ma iya faɗin sunan ba. Aka tashi aiki yana zaune. Kai za ka huta?"

Na ce ta rubuto mini sunayen da allon ya mutu a kai.

"Sunan mara lafiya ba ya fita daga tagar nan. Ko Umma ce ta tambaya."

"To ƙirga mini. Harafi nawa, sai tazara, sai harafi nawa. Waɗanda suka kashe shi da waɗanda suka wuce."

Wannan ta yarda. Ta rubuta lambobi a bayan wata ambulan ta miƙo ta ƙasan gilashi.

A shago na zuba wa ambulan ido har shayina ya huce. Da farko na ɗauka tsawon suna ne ke kashe allon. Sai ga wani mai harafi shida da tara ya kashe shi, wani kuma mai biyar da huɗu da takwas, wanda ya fi shi tsawo, ya wuce lafiya, ƙarshensa kawai aka gutsure. Na buɗe kod ɗin injiniya a tsohuwar kwamfutar shago. Na ga ya ware wa suna gurbi talatin. Kowane gurbi bayit ɗaya ne, wato ɗan wurin ajiye lamba guda. Bayan na talatin kuma yana sa sifili, alamar cewa suna ya ƙare.

Kaina ba ya riƙe lissafi in ban taɓa shi da hannu ba. Na leƙa kantin maƙwabcinmu na aro kiret ɗin ƙwai, don raminsa talatin cif. Na tsinto murafen kwalbar lemo, ja da fari.

"Malam Sanyi, kiwon kaji za mu koma ne?" in ji Oga.

"Ɗan ba ni lokaci, Oga."

"Lokaci ai duk naka ne, tun da aka haife ka."

Abin da littafin ya ce shi ne, a tsarin da kwamfutoci ke aika rubutu, harafin boko na yau da kullum gurbi ɗaya yake ci. Baƙaƙen mutanen jirgin nan kuwa biyu suke ci, waɗansu ma uku ko huɗu. Gurbin farko shi ne kai, shi ke faɗin ko nawa ke biye da shi. Na mai da jan murfi kai, fari mabiyi. Tazara tsakanin suna da suna gurbi ɗaya ce, sai na sa mata notin ƙarfe.

Na jera sunan farko. Ja, fari, ja, fari, har shida. Noti. Na ci gaba. Da na zo harafi na tara, jan murfin ya faɗa ramin ƙarshe, farin ya rage a hannuna. Babu inda zan sa shi.

Na tsaya ina kallon farin murfin nan. Sai na kwashe na jera dogon sunan. Shi noti biyu gare shi, na biyun ya gyara zaman da na farkon ya karkatar, ramin talatin ya faɗa kan fari. An yanke sunan, amma a gaɓa aka yanke shi.

Na koma kod ɗin na bi wurin da ke zana haruffa. In ya ga kai, ba ya tambaya, sai ya cafke na gaba ya haɗa. In an yanke harafi biyu, na gaban shi ne sifilin tsayawa. Sai ya haɗiye shi a matsayin rabin harafi, ya wuce, ya yi ta karanta tarkacen da ke cikin ƙwaƙwalwar na'ura yana neman ƙarshen da ya riga ya cinye. Abin da muke gani a bango ke nan muna cewa ya sandare.

Muna da irin allon guda ɗaya a shago na gwaji. Na jona shi, na ƙirƙiro sunaye goma na ƙarya da waɗannan baƙaƙen, na jera kowanne a kiret tukuna, na yi wa huɗu alama.

"Oga, zo ka tura waɗannan da hannunka. Masu alamar za su kashe shi."

"Duba kake yi yanzu?"

Ya goge hannu ya zauna. Na farko ya wuce. Na biyu ya wuce. Na uku mai alama ne, allon ya ƙame. Oga ya kashe ya kunna. Da na huɗun masu alamar ya ƙame, sai ya cire tabarau ya daɗe yana murza ido.

"Ashe namu ne."

"Namu ne, Oga."

Gyaran ya ci mini wunin Alhamis. Mabiyi ana gane shi, don in ka duba lambarsa ciki, da ɗaya da sifili take farawa koyaushe. Na rubuta cewa in za a yanke suna, a duba inda wuƙar za ta faɗa. In kan mabiyi ne, a ja da baya har a kai kan harafin, a yanke kafinsa. Mai zanen kuma na hana shi cafka ido rufe: in kai ya ce akwai mabiyi amma babu, ya zana ɗan akwati ya tsaya inda ya kamata. Sannan na nemi ƙarin wuri, don ban ga dalilin gutsure sunan mutum ba. Ƙwaƙwalwar allon 'yar mitsitsiya ce, amma na tarar injiniya ya ware gurbi ɗari biyu ga tallar shagonmu da ke yawo a ƙasa. Na gutsuro casa'in na ƙara wa suna, na sa dogon suna ya riƙa tafiya a hankali har ƙarshensa.

"Tallata ka yanka?" in ji Oga.

"Lambar waya na nan. 'Gwanayen gwanaye' kawai na cire."

"To ai ita ce gaskiyar ciki!"

Ya yi dariya, sannan ya sassauta murya. Ya ce gobe da sassafe mu je mu sa sabon kod, mu ce share ƙura muka zo yi. Allo ya daina mutuwa, kowa ya huta, sunan shago bai ɓaci ba.

Na ajiye wayar da nake naɗewa.

"Oga, in mun yi haka, Matiron za ta ce tsoro ne ya sa Yaya ta daina wasan. Takardar kuma tana nan a fayil ɗinta."

"Kana so in je in tsaya gaban matar nan in ce kayana ne ba su da kyau?"

"Ina so ka ce mu muka gano, mu muka gyara. Ai ba ƙarya ba ne."

Ya tashi ya fita bakin shago, ya tsaya yana kallon motoci. Ya dawo ya ɗauki jan murfi ɗaya ya juya shi a hannu.

"Ka zo da kiret ɗin nan gobe. Ni ba zan iya bayanin ba."

Ran Juma'a mun isa kafin a buɗe ƙofa. Matiron mace ce gajeriya mai agogo a ƙirji, kuma sau biyu ta duba shi tun muna gaisuwa. Yaya na tsaye gefe da jakarta a kafaɗa, ba ta ma ajiye ba.

Oga ya yi gyaran murya. "Ranki ya daɗe, laifin ba na ma'aikaciyarki ba ne. Daga wurinmu yake. Ga wanda ya gano."

Na ɗora kiret a kan tebur na fara jera murafe. Ban kai rabi ba ta ɗaga hannu.

"Minti goma gare ni. Nuna mini a bango."

Na ba ta takardar sunayen ƙaryar, na ce ta zauna a tagar Dogo, ba ta Yaya ba, ta tura na uku da kanta. Ta tura. Allon ya ƙame, jan hasken ya tsaya cak.

"Ni ban taɓa komai ba," in ji Dogo daga baya.

"Wa ya tambaye ka?" in ji Matiron.

Na hau tsani, na jona waya, na zuba sabon kod. Na sauko na ce ta sake turawa. Sunan ya fito cikakke. Ta tura sauran masu alamar ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙirƙiro wani dogo da kanta, ta yi ta danna baƙaƙe da gayya har layin ya cika. Allon ya ɗauka, ya tafi da shi daga wannan gefe zuwa wancan, ya tsaya a kan cikakken harafi, yana jiran na gaba.

Matiron ta juya wajen Yaya. "Me ya sa tun farko kike sa rubutunsu?"

Yaya ta ba ta labarin dattijon a taƙaice. Matiron ta saurara, ba ta duba agogo ba.

Aka buɗe ƙofa, mutane suka cika bencuna. Yaya ta ajiye jaka ta zauna a tagarta. Na uku a layinta wata mata ce da jariri a kafaɗa, mijinta a gefenta, tana ta kallon ƙasa. Allon ya yi ƙara, wani dogon suna mai ƙugiyoyi ya fara tafiya a bango. Mijinta ya taɓo ta. Ta ɗaga kai, ta bi shi da ido har ƙarshe, ta miƙe, ta nuna allon da yatsa tana faɗa wa mijin wani abu tana dariya, ta wuce ɗaki na biyu ba wanda ya ja ta.

Matiron ta shiga ofis ta fito da fayil. A gabanmu ta zare takardar, ta yaga ta gida huɗu, ta jefa a kwando.

"Dogo, daga yau yadda take yi za ka riƙa yi. Ta koya maka kafin azahar."

"Ni ina zan gane waɗannan baƙaƙen, ranki ya daɗe?"

"Ba kai ake kira ba. Masu sunan za su gane."

Oga ya dafa kafaɗata har ta yi zafi, yana gaya wa mai gadi cewa shi ya koya mini komai. Na ƙyale shi. Yaya ta ƙwanƙwasa gilashi ta yafito ni.

"Auta, matsa daga gaban tagata. Kana tare mini layi."

Tana faɗa tana goge ido da bakin mayafi, ɗaya hannun kuma ya riga ya kai kan katin mutum na gaba.