Shuɗiyar Ƙanƙarar Suwaiba

Suwaiba ce ta fara kawo shuɗiyar ƙanƙara Durba. Daga Kano direban da ke mata aike, Sagiru, yake sayo mata kalar abinci a 'yar kwalba, ta ɗiga a ruwan sukari, ta ɗaure a leda, ta kai firijin haya a Kibiya. Yara suka rabu da ta zoɓo, kowa na yawo yana nuna wa ɗan'uwansa harshe.

Ranar wata Talata maƙwabciyarta Fanta ta faɗo gidan ko sallama babu. 'Yarta ta sha leda uku, bayan gidanta ya fito kore shar.

"Bular wanki kike zuba wa 'ya'yan mutane!"

Kafin la'asar zancen ya zaga gari, mai unguwa ya aiko a kira Suwaiba. A zaure ta tarar da wan mijinta, Alhaji Tajuddeen, ya riga ta zuwa.

"Ki ba da haƙuri, ki koma zoɓonki," ya ce. "Magana ta wuce."

"Yaya, in na ba da haƙuri na amsa laifi ke nan. Ban zuba bula ba, ba kuma zan ce na zuba ba."

Ta dire kwalbar a gaban mai unguwa. "Ranka ya daɗe, a kira duba-gari. In ya ce guba ce, da hannuna zan zubar da ƙanƙarar da ke kulata." Sannan ta fasa leda ɗaya ta shanye a gabansu.

Washegari Malam Murtala duba-gari ya zo, ya juya kwalbar, ya karanta jikinta. Ya ce kala ce da aka yi don abinci, irin ta alawa da lemon kwalba. Jiki ba ya riƙe ta sosai, shi ya sa take fita a bayan gida. Amma ya ce kalar tata ta yi yawa, ta rage. Kada kuma ta kuskura ta sayi garin kala da ake aunawa ba suna, kuma yaron da ya sha ya yi ƙaiƙayi a daina ba shi.

"Zan rage," in ji Suwaiba. "Amma ba zan daina ba."

Fanta ba ta ba ta haƙuri ba, wasu iyayen ma ba su janye hanin shan ƙanƙarar da suka yi wa 'ya'yansu ba. Alhaji Tajuddeen ya daina amsa gaisuwarta yadda ya saba. Duk da haka, ranar kasuwa Suwaiba ta ɗora kularta a ka, ta bi ta ƙofar gidan Fanta da gangan, tana ɗaga murya:

"A sayi ƙanƙara! Akwai shuɗiya!"