Bugu Uku a Bango

Ina cikin tsaga katako na ji bugun, sau uku, a bangon da ya raba shagona da ɗakinsa. Na kashe injin. Haka muka saba shekara huɗu: bugu uku, in yi shiru, bugu ɗaya, in ci gaba. Na zauna a kan benci ina karkaɗe garin katako daga gashina, ina jiran ɗayan.

Maƙwabcin nawa mai fim ne, amma ba irin na rawa da kuka ba. Mutanen gaske yake ɗauka suna aikinsu. Ba shi da kamfani, ba shi da maigida. Shi ne mai kyamara, shi ne mai ɗaukar murya, shi ke goya jakarsa a babur. Shekara shida yana bin masu haƙar rijiya, har suna tsokanarsa wai jikokinsu ne za su ga ƙarshen fim ɗin. Duk inda ya ɗauki magana sai ya ɗaga yatsa ya ce kowa ya yi shiru minti ɗaya. Wai kowane ɗaki da irin shirunsa, kuma da shi ake cike gurbin da ke tsakanin magana da magana. Shi ya sa duk layinmu Minti Ɗaya ake ce masa. Ni dai Yaya nake kiransa.

Ran nan minti ɗayan ya wuce. Na ce ko wata mota ce ta ɓata masa, yana sakewa. Na feƙe fensir. Na ware ƙusoshi, manya daban, ƙanana daban. Sai da aka yi minti goma sha bakwai na zaga, a hankali ma nake takawa kada takalmina ya shiga masa aiki.

Yana zaune a kujerar da na yi masa, kansa jingine da bango, abin saurare a kunnuwansa. Na ce, "Yaya?" Bai ɗaga yatsan ba.

A asibiti likita ya ce ya riga ya rasu, zuciya ce. Ya tambaye ni tun yaushe yake a haka. Na ce ban sani ba.

Ban yi kuka ba. Ina buɗe shago kullum, in share, in zauna, amma kwana tara ban kunna injin ba. Matar da ta ba ni aikin ƙofa ta zo ta yi faɗanta ta tafi. Abu ɗaya nake juyawa: bugun nan, na in yi shiru ne, ko kirana yake yi ni kuma ina ware ƙusoshi? Ban gaya wa kowa ba.

Mahaifiyarsa ce ta zauna a ɗakin bayan mutane sun watse. Inna idonta ya daɗe da tafiya, hoto ba ya mata amfani. Muryarsa take so ta tafi da ita. Ta ce mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana tara muryoyi ai ba za a rasa tasa ba. Sai aka kira abokiyar aikinsa, wadda ke haɗa masa fim a kwamfuta. Ta kwana biyu tana bincike. Ga masu rijiya suna gardama, ga igiya tana kuka a bakin rami, ga wani tsoho yana dariya har da tari. Shi babu. Idan ya kunna, ba ya tambaya, ba ya ko gyaran murya, zama yake yi har mutum ya gaji ya faɗi abin da ke ransa. Ko a waya rubutu yake yi.

Inna ta ce tun yana ƙarami haka yake, sai ta laluba take sanin yana ɗaki.

Rana ta uku mai haɗa fim ta ɗauko ƙaramar rikodar da aka cire daga cinyarsa. Akwai ɗauka guda mai kwanan watan ranar. Ta dube ni ta ce in ina so in fita. Na tsaya a bakin ƙofa.

Farko ƙarar injina ce, ta cika ɗakin. Kujera ta ɗan yi ƙara. Can sai bugun, sau uku. Injin ya mutu a hankali.

Mai haɗa fim ta tsayar. "Kafinta, ka ji? Sai da ya kunna sannan ya buga. Aiki yake yi." Ta ce satin da ya wuce ya ɗauki wani tsohon mai rijiya a ɗakin nan, ya manta bai ɗauki shirun ba. Ita ce ma ta aiko masa ya ɗauko mata.

Na gyaɗa kai. Na zaci wani abu zai sauka daga ƙirjina. Ban ji komai ba.

Inna ta tambayi bugun mene ne wannan, na gaya mata yadda muke yi. Ta ce a ci gaba. Mai haɗa fim ta ƙure sautin. Da fari ba komai. Sannan numfashi, a hankali, da ɗan fito siriri a ƙarshensa.

"Shi ne," in ji Inna. "Hancin ubansa ke nan."

Da minti ɗaya ya cika, mai haɗa fim ta kashe. Sauran sha shidan ba wanda ya ce a kunna. Ta zuba wa Inna minti ɗayan a waya, ta nuna mata inda za ta danna da babban yatsa.

Washegari da hantsi mota ta zo ɗaukar Inna. Ina shago a zaune, hannuna a cinya, ina jin ana fitar da kaya. Sai na ji tafin hannun Inna yana shafa bangon ta can ciki, yana nema. Ya tsaya daidai inda fenti ya goge, wurin da Yaya ya saba bugawa.

Bugu ɗaya.

Ɗan garin katako ya zubo daga saman bangon, ya sauka a kan benci kusa da ni.