Lambar da Tela Ya Ɗinke

Duk layin an san Tela da abu biyu, hannunsa da bakinsa. Hannun babu na biyunsa, domin in ya zauna a kan wuyan riga sai ka ce da ita aka haife ka. Bakin kuwa sai dai a ce Allah ya kyauta. Shekara talatin yana ce wa mutane "jibi da yamma", yana rantsuwa cewa maɓalli kawai ya rage, alhali yadin yana ƙasan tebur ko almakashi bai gani ba. Masu kaya sun saba, su yi masifa su tafi su dawo. Shi kansa bai ɗauki abin a matsayin ƙarya ba, a ganinsa wani ɓangare ne na sana'a, kamar zare da allura.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa sabawa ba, babbar 'yarsa, wadda ke aikin jinya a wani gari mai nisa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka Uwata yake ce mata. Ranar da jiri ya kwashe shi a kan keken ɗinki, likita ya ce hawan jini ne, ita ta zo ta kwana uku tana jera masa magunguna, ya yi mata alkawarin barin taba. Wata biyu yana ce mata a waya ya bari. Sai ta zo babu sanarwa, ta buɗe aljihun keken tana neman tsinken zare, ta ga kwalin taba a kwance ƙarƙashin maɓallai. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Tun daga ranar duk abin da ya faɗa sai ta ce, "To, Baba," da irin muryar da ake yi wa marar lafiyan da ya ce ya sha magani alhali ƙwayar tana ƙarƙashin matashi. Wannan "to" ɗin ya fi zagin masu kaya ɗari ci masa rai.

Ita ce ta sa sunansa a tseren kilomita goma da za a yi nan da wata huɗu.

"Baba, ba sai ka ba ni labari ba," ta ce masa. "Duk wanda ya gama suna fitar da sunansa da lokacinsa. Zan duba a wayata."

Ranar farko ta atisaye ya fita bayan asuba da tsohon takalmin kambas. Bai kai gidan mai na kan kwana ba ya rungume falwayar lantarki yana haki, ƙirjinsa kamar an zuba garwashi. Mai Walda, maƙwabcin shagonsa, yana buɗe ƙofa ya hango shi.

"Tela, lafiya? Wa ya biyo ka, mai riga ne?"

Kashegari ya sake fita, ya wuce falwayar da biyu. Da falwayoyin yake awo, tunda shi mutum ne da bai yarda da abin da bai auna ba. A sati na uku ya jefa kwalin taba a kwata, wannan karon da gaske, ya yi kwana goma yana yi wa kowa tsawa har da keken ɗinki. Ƙafafunsa suka yi bororo suka fashe. Cinyoyinsa suka saɓule saboda gogar wando, sai ya warware wandon ya mayar da ɗinkin ta waje, ya fita da shi haka, 'yan layi suna dariya. Matarsa ta daina tambayar ko ya haukace, ta koma ajiye masa ruwan zafi da gishiri a roba.

Da ya fara zagaya filin ƙwallo ya dawo ba tare da tsayawa ba, ya kira 'yarsa yana ɗoki.

"Uwata, yau kilomita biyar na yi, wallahi ko sau ɗaya ban tsaya ba."

"To, Baba."

Daga nan bai ƙara ba ta labarin gudu ba. Ya ce a ransa bari jerin sunaye ya yi magana, tunda bakinsa ya riga ya ƙare a wajenta.

Ana gobe tsere ya karɓo ambulan daga masu shirya tseren. A ciki akwai takardar lamba mai kauri, 2417, da fil guda huɗu, da wata 'yar takardar bayani mai ƙananan rubutu. Bayanin bai ko kalla ba. Shi za a koya wa yadda ake manna abu a riga? Ya ɗaga fil ɗin ya yi tsaki. Shekara talatin yana ɗinki, sa'an nan ya fito gaban jama'a da takarda tana reto a ƙirji an soke ta da fil, kamar wanda ba shi da kowa? Ya shimfiɗa rigar a tebur, ya auna tsakiya da tef, ya ja alli. A bayan takardar akwai wani ɗan soso mai tsawo da abu mai ƙyalli a ƙarƙashinsa, yana sa ta tudu. Ya ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle, ya danna dutsen guga har sosan ya kwanta. Sa'an nan ya hau keke ya bi gefe huɗu da farin zare, ya ƙara layi biyu ta tsakiya don kada iska ta ɗaga. Allurar ta yi ƙas a wani wuri, ya ƙara taka ƙafa ta wuce.

Mai Walda ya leƙo ya ɗaga rigar. "Kai, wannan ko kamfani albarka. In ba ka zo na ɗaya a gudu ba, ka zo a kwalliya."

Ya hana matarsa zuwa kallo, don yana tsoron ya faɗi a gabanta. Da safe ya tsaya a cikin dubban mutane, kowa lambarsa a karkace tana kaɗawa, tasa kuwa a zaune daram. Aka busa, aka ɗunguma, suka taka wata baƙar shimfiɗa da ke ta ƙara ɗit-ɗit a ƙarƙashin ƙafafu. Kilomita uku na farko ya ji kamar yaro. A na bakwai akwai hawan gada, nan ne gwiwarsa ta hagu ta fara sara, wata tsohuwa mai farin gashi ta wuce shi tana cewa, "Malam, ɗaga kai, an kusa." Ya ga mutane suna zama a gefen titi, ya ga motar ɗaukar waɗanda suka gaji tana binsu a hankali da ƙofa a buɗe. Sau biyu ya dube ta. Abin da ya hana shi shiga shi ne 'yarsa, yana ganinta a ransa tana tsaye a barandar asibiti da waya a hannu tana neman sunansa.

Da ya taka shimfiɗar ƙarshe babban agogo yana nuna awa ɗaya da minti ashirin da huɗu. Aka rataya masa lambar yabo ta ƙarfe a wuya. Ya zauna a ƙasa ya yi kuka, bai damu da wa ke kallo ba, don tun da yake bai taɓa cewa zai yi abu ranar kaza ya yi shi a ranar ba sai yau.

A gida matarsa ta ɗauki hoton lambar yabon ta tura wa 'yar. Suka jira. Azahar ta wuce, wayar shiru. Ya ɗingisa zuwa wajen Mai Walda ya ce ya duba masa jerin sunayen a waya. Mai Walda ya buga lambar 2417, ya kalli wayar, ya kalli Tela, wannan karon babu wasa a fuskarsa.

"Sun rubuta wai ba ka fara ba."

Ya koma filin tseren da rigar a hannu. Ana naɗe rumfuna, wata mata tana tattara wayoyin kwamfuta. Ta juya rigar, ta laluba bayan takardar ta cikin rigar, dariya ta kusa kuɓuce mata, da ta ga fuskarsa ta haɗiye.

"Baba, wa ya ɗinke maka wannan?"

"Ni ne. Tela ne ni."

"Ai na'urar da ke ƙidaya lokacinka ce a nan bayan. Ka gasa ta, ka kuma huda ta. An rubuta a takardar bayani, fil kawai."

"To ki rubuta da hannu mana, 'yata. Na ga agogon da idona, awa ɗaya da ashirin da huɗu."

"Ba na musu da kai, Baba. Amma in kowa zai zo ya faɗi lokacinsa da baki, ina amfanin na'urar? An rufe jerin."

Da yamma 'yarsa ta kira. Ya gyara murya, ya soma tun daga fil ɗin, da sosan, da dutsen guga, da ƙas ɗin da allura ta yi. Duk gaskiya ne, kalma bayan kalma, amma yana faɗa yana jin yadda labarin ya cika tsari, ya cika dalilai, babu inda ya yi tuntuɓe. Shi kansa da wani ne ke ba shi da bai yarda ba.

"Na ga hoton," ta ce a hankali. "Baba, ba sai ka aro lambar yabon wani ba. Ko atisayen da ka ɗan yi ai ya isa."

"Uwata, tambayi mamanki. Ta ga yadda na dawo."

"Mama tun ina ƙarama take rufa maka asiri." Babu fushi a muryarta, gajiya ce kawai da tausayi. "Laifina ne da na matsa maka. Ba zan ƙara ba. Ka dai riƙa shan maganinka in ka tuna."

Ta ce ana kiranta a ɗakin marasa lafiya, ta kashe.

Ya zauna da wayar a cinya, ƙafafunsa a cikin robar ruwan zafi, farce biyu sun yi baƙi. Matarsa ta fito daga kicin tana goge hannu, fuskarta cike da murna.

"Me ta ce? Ta ji daɗi ko?"

"Ta ce in gaishe ki," in ji Tela.