Diyyar Ƙafar Chuwang

Ranar da ramin kuza ya rufta wa Chuwang, da farin dutse a hannu aka zaro shi. Ƙafar dama kuwa likita ya ce sai yankewa.

Dutsen ya kai tsawon yatsa, gefe shida, kai a tsine, garau kamar ƙanƙara. A al'adar haƙa, duk abin da rami ya bayar na mai rami ne. Sai ga mai ramin, Oga Fabian, mutumin da ko ruwan leda bai taɓa saya wa lebura ba, har bakin gadon asibiti yana matsar ƙwalla. Ya karɓi dutsen ya karta a gilashin taga, zane ya fito raɗau.

"Ka gani, Baba? Daimon kaɗai ke yanka gilashi. Na bar maka. Kai ma ka bar maganar diyyar ƙafa, dangwala yatsa a takardar nan."

Chuwang ya dangwala, har da godiya. Wata uku dutsen na ƙulle a ƙugunsa, yana gina gidaje a zuci.

Da ya iya dogara sanda, ya hau keke napep zuwa Titin Bauchi, shagon Alhaji Sharafaddeen dillalin duwatsu. Alhaji ko tabarau bai sa ba.

"Kiristal ne, Baba. Jinsinsa ɗaya da yashi, ruwan zafi ya tara shi a tsagar dutse tun zamanin da. Gilashi kam yana yankawa. Duba bayan ƙofa."

Buhu uku ne jingine, cike da irinsa.

"Masu kyau a yi 'yan kunne, sauran a niƙa," in ji Alhaji. "Wani Fabian ke kawo mana."

Kunya ta fi baƙin cikin cin Chuwang. Shekara talatin yana haƙa, kuza kawai ya sani. Bai zame ko'ina ba sai unguwar Kabong, inda ya tarar da Fabian a tsakar gidansa, mata na farfasa farin dutse da guduma.

"Oga, ka cuce ni."

Fabian bai musa ba. Ya dubi ƙafar wandon da aka naɗe da fil, ya turo masa guduma da bakin takalmi.

"Takarda tana wurin lauya. Amma ni ba na manta mutanena. Wannan aikin a zaune ake yi."

A gidan Chuwang babu ko ƙwayar acca. Chuwang ya jingine sandarsa, ya zauna a ƙasa cikin matan.