Wayar Umda

A shekarar ƙarshe ta yaƙin duniya na farko, Mista Harwood, Baturen Ingila mai duba larduna, ya tsige Hilal Sha'aban daga kujerar umda, wato dagacin ƙauyen Kafar Dunjal. An nemi ya kawo ƙarfafan maza su yi wa sojan Ingila dako a Falasɗinu, shi kuwa ya kawo tsofaffi da gurgu ɗaya.

A ƙauyukan Misira, inda wayar tarhon gwamnati take, nan sarauta take. Idan an tsige umda, sai a cire ta daga bangonsa, a kai gidan magajinsa da ganguna.

Mitwalli Abu Gazala, wanda aka zaɓa ya gaji Hilal, ya tsufa yana jiran wannan rana. Kakan Hilal ne ya ƙwace kujerar daga hannun kakansa. Da hantsi ya fito ƙofar gida cikin sabuwar jabba. Ga wayar nan tafe a kan wani ɗan doka, Harwood bisa doki, Fahmi Efendi shugaban 'yan sanda yana masa tafinta. Hilal na biye cikin jama'a.

"Barka da arziki, ɗan Abu Gazala," in ji Hilal. "Riƙe ta a hankali, tana cizo."

"Bakinka ya fi ta dafi, tsohon banza."

Harwood ya yi magana. Fahmi ya fassara: "Yana taya ka murna. Ranar kasuwa yake son mutanen dakon a tashar jirgi. Ya ce ka fara da 'ya'yan Hilal, tunda ya ji ba kwa ga maciji."

Mitwalli ya dubi wayar. Katakonta na sheƙi, ta fi yadda yake tsammani kyau. Ya dubi 'ya'yan Hilal, samari biyu, masu irin goshin uwarsu Nabawiyya, ƙanwar shi Mitwalli.

"Efendi, tambaye shi, wa ya ba shi labarin gabarmu?"

"Kowa ya sani, Hajji."

"To an ba shi rabi. Na ƙona wa Hilal auduga, ya kashe mini saniya. Gobe ma in na samu hanya zan ƙara. Amma wannan tsakaninmu ne. A mayar masa da akwatinsa."

Fahmi ya rage murya. "Ka rufa wa kanka asiri. Bari in ce masa ba ka da lafiya."

"Lafiyata lau. Faɗa masa yadda na faɗa."

Fahmi ya faɗa. Ganguna suka yi shiru. Harwood ya tambaya ko akwai wani mai son kujerar. Ba wanda ya motsa.

Kafin azahar aka ɗora wayar a kan jaki za a mayar da ita gunduma, Mitwalli a bayanta da ankwa a hannu.

"Ko wayar ba ka iya karɓa ba!" Hilal ya ɗaga murya.

"Ka kula mini da ruwan gona, ɓarawo."

"Zan kula."

Nabawiyya ce ta fara guɗa, sauran matan suka ɗauka.