Sunan Ɗan Fari

"Mama, wane ne wannan?" Dakta Yakubu ya sake tambaya, yana nuna Abdurrahim. "Faɗa mini sunansa."

Inna Mero ta kau da kai ta kalli bango. Numfashinta na fita sama-sama, robar ƙarin ruwa na maƙale a hannun da bai fi sillen kara ba. Likitan ya danna wani abu a wayarsa, ya yafito Abdurrahim suka fita baranda.

"Baba, ba zan ɓoye maka ba. Ciwon da ya faro daga mafitsara ya shiga jini. Akwai lissafin da muke yi wa tsofaffi irinta: shekaru, awon jini, numfashi, ƙoda, sai hankali. Da shi muke kintatar wanda ake sa ran zai tashi. Gado ɗaya ya rage a ɗakin kulawa ta musamman, mutum biyu ke jiransa. In har hankalin Mama ya gushe, babbar likita ba za ta ba ta ba."

"Lissafi kuma? Rai ai a hannun Allah yake."

"Haka ne, Baba. Gadon ne a hannunmu."

Abdurrahim ya matso kusa da shi. Ya ce, "Likita, ni ne ɗanta na fari."

Mutum ne da ya haura sittin, ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya, ya aurar da 'ya'ya a Badarawa, amma bai taɓa jin sunansa a bakin mahaifiyarsa ba. "Wancan" take cewa, ko "yaron nan". Ranar da ya dawo daga Makka ma ɗaki ta shige, ta aiko masa da fura. Haka matan zamanin da suke, kunyar ɗan fari har kabari.

"Na san wannan kunyar, kakata ma haka take," in ji likitan. "Amma na tambaye ta inda muke, shiru. Na sa ka fita, ta rufe ido. Ta yaya zan raba kunya da gushewar hankali? Bayan azahar babbar likita za ta zagayo. A samu Mama ta ba ta amsa ko guda ɗaya ce."

Abdurrahim ya kira Sadiya, autar Inna, wadda da ita kaɗai tsohuwar ke sakin baki. Tun hantsi ta baro Katabu, ga shi tirela ta kife kafin Kawo, ko babur ba ya wucewa. Ya kara wa Inna wayar a kunne, Sadiya na ta kuka tana kiranta. Kunnen da ko a gida sai an ɗaga murya, ina zai ji waya?

Sai ya durƙusa a gaban gadon, dattijo da furfurarsa, masu jinya na kallo.

"Inna, don girman Allah. Sau ɗaya tak. Ki faɗi sunana su ba ki gadon nan. Ban taɓa roƙonki komai ba."

Ta laluba gefen mayafinta da ƙyar, ta ja ta rufe fuska.

Daɗi da haushi suka turnuƙe shi lokaci guda. Tana nan sarai, ta gane shi, shi ya sa ta rufe fuskar. Amma wa zai gaya wa lissafin wayar likita haka? Ya yi sallah a gurguje, bai ma san abin da ya karanta ba, ya dawo ya tarar zazzaɓin ya ƙaru, jikinta kamar garwashi.

Babbar likita ta iso, Dakta Yakubu na biye da ita. Ta duba ido, ta duba awon jini, sannan ta sunkuya.

"Sannu, Mama. Kin san wannan bawan Allah?"

Inna Mero ta buɗe ido. Ta dubi Abdurrahim kai tsaye, ido cikin ido, ta yi murmushi.

"Abdurrahim ne," ta ce. "Ɗana ne."

"Madalla," in ji babbar likita. Dakta Yakubu ya gyara lissafinsa, ya nuna mata. Ta gyaɗa kai. "A wuce da ita."

Abdurrahim bai motsa ba. Duk tsawon rayuwarsa yana so ya ji wannan sunan daga wannan bakin, yau ya ji, kuma tsoro ne ya kama shi. Innar da ya sani ko da wuƙa a wuya ba za ta faɗa ba.

Aka turo gadon ta baranda, yana tafe a gefe. A kan benci iyalan ɗaya tsohon da ke jiran gado a ɗakin kulawar na zaune, wata mace a cikinsu ta miƙe tana bin gadon da ido. Inna ta kamo hannunsa, ta jawo shi kusa.

"Wa ya bar ka a rana ba riga?" ta raɗa masa. "Zo in goya ka kafin babanka ya dawo."

Dakta Yakubu ya waiwayo. "Me take cewa, Baba?"

Abdurrahim ya dubi matar da ke tsaye, ya yi sauri ya sunkuyar da kai. Ya sa hannu ya taya su tura gadon.

"Addu'a take yi," ya ce.